Shokozobar iska ta bayan keke: wa ya taɓa saita ta?

Mai tambaya, daga Birnin Kudu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi keken hawan dutse na gwanjo, irin mai shokozoba a ƙarƙashin sirdi. Ba ta sifirin ba ce, ta iska ce, an rubuta RockShox a jikinta. Tun ranar farko, da na faɗa rami sai in ji ƙwas, ƙarfe ya daki ƙarfe, har cikin ƙuguna. Na kai wa mai faci, ya ga bawul ɗin irin na tayar mota ne, ya kafa masa tiyo. Garin neman gira aka rasa ido, 'yar iskar da ke ciki ma ta tsere. Yanzu keken a durƙushe yake kamar raƙumin da ake yi wa lodi. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka.

Wani malamin firamare, daga Wudil

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ni ma ta nan na bi, kuma ba laifin mai faci ba ne. Tayar mota ba ta wuce 30 zuwa 35 psi, wato ma'aunin ƙarfin iska, ita kuwa wannan aba takan nemi 150 har sama. Cikinta kuma bai fi ƙaramin gwangwanin tumatir ba, shi ya sa fis ɗaya ke kwashe ta. Famfonta daban ne, ɗan ƙarami mai siririn tiyo da ake murɗawa a bakin bawul, agogonsa na kaiwa 300 psi. Wani ƙanena ya turo min nawa daga Legas.

Ga yadda na yi. Nauyina kilo 70, na ninka da 2.2, ya ba ni 154, sai na fara da ba ta iska 150 psi. Mafari ne kawai, kada ka riƙe shi kamar karatu. Alƙalin shi ne zoben robar da ke jikin sandar shokozobar, wadda ke shiga cikin gwangwanin iskar. Ka tura shi ya manne da bakin gwangwanin, ka jingina da katanga, ka hau a hankali da jakar da ka saba ɗauka, ka sauka ba tare da ka yi tsalle ba. Sai ka duba inda zoben ya tsaya. Ana so nauyinka kaɗai ya ci kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na tafiyar sandar. Tawa milimita 50 take shiga, don haka 15 nake nema, da rular ɗalibaina na auna. Kai ka ma huta, da yawa daga cikin na RockShox an zana layukan a jikin sandar. In zoben ya wuce ka ƙara iska, in bai kai ba ka rage. Sau huɗu na hau na sauka, maƙwabcina na leƙe ta kan danga yana zaton na sami matsala.

Wani matashi, daga Kazaure

Malam ya gama magana a kan iska, amma bai taɓo jan maɓallin nan ba, shi ne ya kayar da ni. Shi ke da ikon saurin dawowar shokozoba bayan ta lotsa. A tawa akwai zanen zomo a gefe ɗaya, kunkuru a ɗaya gefen. Na ce wa zai zaɓi kunkuru? Na murɗa wajen zomo har ƙarshe, na gangaro daga tudu, dutse na farko keken ya yi tutsu da ni kamar jakin da ƙuda ya ciza. Gwiwata har yau da tabo. Da haushi na mayar da shi can ƙuryar kunkuru, nan kuma a gargada ba ta gama tasowa sai wani ramin ya zo, ta bi ta sandare. Abin da ya yi min shi ne na ajiye shi tsakiya, ina saukowa daga kan dakali a zaune, ina ƙara ƙyas ɗaya ɗaya, har ta zama in ta lotsa ta taso sau ɗaya ta tsaya.

Wani dattijo mai gyaran keke, daga Gumel

Yarana, ni da Phoenix da Raleigh na tashi, ƙugunmu ne shokozobarmu. Amma biyu irin wannan sun zo hannuna, duka ƙura ce ta cinye musu sil. Masu ita sun shafa wa sandar baƙin mai, yashi ya manne, ya zama kamar sanfefa. Tsumma mai tsabta kawai take so bayan kowace fita, balle da hunturu. Kai na Birnin Kudu, tunda tun farko a sace take, in an ba ta iska ka shafa ruwan sabulu a bawul da bakin gwangwanin ka ga ko za ta yi kumfa. Kuma kada wanda ya kwance ta da iska a ciki.

Wani, daga Rano

Ƙarin bayani kaɗan. Tunda wayam take, kada a cika ta a tashi ɗaya. Bayan kowace 50 psi a danna sirdi a hankali wajen sau goma, don ɗakin iska biyu ne a ciki, sai an danna suke daidaita. Ni ban sani ba, na auna, bayan kwana ɗaya lissafin ya rushe. Fis ɗin da ake ji wajen cire famfo kuwa daga tiyo yake fita, na daɗe ina ƙara iska a banza saboda shi.

Mai tambaya

Allah ya saka da alheri. Baba, na duba sandar, ba ta da ƙarzuwa, da sauran fata. Malam, ko za a ara min famfon?

Malamin Wudil

Aro kam a'a, wanda ya ari sifanata tun bara bai dawo ba. Ka ɗora keken a mota ranar Juma'a, tunda ranar kasuwarmu ce mota ba ta wuya. Ka taho da jakarka, ka kuma hau sikeli kafin ka zo.