Waɗanda suka taɓa shiga ginin majalisar jihar Texas, ku ba mu labari

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Surukina zai zo mana Houston daga Katsina. Dattijo ne da ya yi kansila a zamaninsa, har yau kuma siyasa ce abincinsa. Ya ce kada a wahalar da shi da yawon kantuna, a kai shi ya ga inda ake yin doka. Sai na tuna da ginin majalisar jiha da ke Austin. Waɗanda suka taɓa zuwa, ana barin mutum ya shiga haka kawai, ko sai da takarda? Sannan gwiwa tana damunsa, zai iya?

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo Baba lafiya. Ba takarda, ba ko sisin kwabo. Za ku ajiye jaka da waya a bi da su ta na'urar bincike, ku wuce, shi ke nan. Ba wanda zai tambaye ku wajen wa kuka zo. Akwai ma'aikatan da ke zagayawa da baƙi kyauta, kamar rabin awa ake yi, in kuma ba ku so ku ɗauki takardar bayani ku yi yawonku. Maganar gwiwa, akwai lif, kada ku bar shi ya hau matakala. Abin da zai fi gajiyar da shi tafiyar waje ce, don harabar eka 22 ce, kuma daga wurin ajiye motocin baƙi da ke titin San Jacinto akwai 'yar tafiya.

In kun shiga, ku kai shi tsakiyar zauren da ke ƙarƙashin ƙubba ya tsaya daidai kan tauraron da ke ƙasa, ya yi magana. Muryarsa za ta dawo masa a kunne, na gefe kuwa ba za su ji wani abin kirki ba. Yarana sai da na janye su. In ya ɗaga kai zai ga wani tauraron a can ƙoli, a ido ɗan mitsitsi, alhali faɗinsa ƙafa 8 ne, nisansa daga ƙasa ƙafa 218.

Ɗan Damagaram:
Tunda ɗan siyasa ne, hotunan gwamnoni za su riƙe shi. An jera su a bangon zauren nan, suna zagayawa hawa-hawa, tun daga shugabannin Texas na lokacin da take ƙasa mai cin gashin kanta, 1836 zuwa 1845. Ba a rataya hoton gwamna sai ya sauka. In ya sauka a sa nasa a hawan ƙasa, sauran duka a matsar da su gaba, mafi daɗewa suna ta haurawa sama inda ba kowa ke leƙawa ba. Zai ga George W. Bush, zai ga mata biyu, Miriam Ferguson da Ann Richards. Ni na daɗe a gaban na Ferguson, don an ce mijinta ne gwamna aka tsige shi, aka hana shi sake riƙe muƙami, sai ita ta tsaya ta ci. Ka gaya wa Baba wannan, za ka ji sharhi har ku koma gida.

Injiniya Sabo:
Ni dutsen ne ya kai ni. Jan dutse ne aka fasa a kusa da Marble Falls, har layin dogo aka shimfiɗa don a kawo shi. An fara aikin a 1882, aka buɗe a 1888, bayan tsohon ginin ya ƙone a 1881. Abin dariyar, jihar ba ta biya 'yan kwangila da kuɗi ba, fili ta ba su, eka miliyan 3 a can arewacinta, wanda ya zama gidan gonar shanu da ake kira XIT. Kuma da gangan ko ba da gangan ba, ginin ya ɗara na majalisar tarayya da ke Washington tsayi, mai zagayawa da ku ba zai manta ya faɗa muku ba.

Ka duba ƙananan abubuwa. Ƙarafan da ke riƙe da ƙyauren ƙofofi, kowanne ya kai tafin hannun ƙato, an zana sunan ginin a jikinsa. A zauren majalisa ka ɗaga kai ka dubi fitilu, ƙwayayen an jera su ne su ba da haruffan TEXAS. Mutanen nan ba sa gajiya da sunan jiharsu.

Anti Hajara:
Injiniya, ka faɗi dutse ba ka faɗi wanda ya fasa shi ba. Fursunoni aka kwaso suka yi aikin, da yawansu baƙaƙen fata, kimanin shekara ashirin kacal bayan an 'yanta bayi a Texas a 1865. Ƙungiyar masu sassaƙa dutse ta ƙi aikin saboda haka, ɗan kwangila ya ɗauko wasu daga Sukotland. Ni da na je, abin da ya tsaya mini a rai yana waje. Kana shigowa ta ƙofar kudu za ka ga dogon abin tunawa da sojojin jihohin Kudu na yaƙin basasar Amurka, waɗanda suka yi yaƙi don bauta ta ɗore, tun 1903 yake tsaye. Na tarihin baƙaƙen fatar Texas kuwa sai 2016 aka kafa shi, a haraba ɗaya, taku kaɗan tsakaninsu. Baban Ilham, ka nuna masa duka biyun, kada ya koma Katsina da rabin labari.

Injiniya Sabo:
Gaskiyarki Anti, ban musa ba.

Auta:
Yaya, tambayar da ba a yi ba ita ce yaushe. Majalisar Texas ba kullum take zama ba. Sau ɗaya take zama a shekara biyu, a shekarun mara irin 2025 da 2027, daga Janairu, kwana 140, sai fa in gwamna ya kira zama na musamman. In kuka je ba lokacin ba, kujeru da tebura kawai Baba zai gani.

Malaminmu ya kai mu ana tsakiyar zama. Muka hau benen 'yan kallo a hawa na uku, wakilai 150 a ƙasa, ana ta surutu, wani na waya, wani na yawo tsakanin tebura, kakaki na buga gudumarsa. Ɓangaren sanatoci 31 ya fi natsuwa. Amma ainihin aikin yana ƙarƙashin ƙasa, a sabon ɓangaren da aka haƙa aka gama a 1993, inda kwamitoci ke zama. A nan na ga wata tsohuwa ta rubuta sunanta a na'ura, ta jira tun safe, aka kira ta, ta zauna gaban 'yan majalisa da 'yar takardarta tana karkarwa ta faɗi ra'ayinta kan wani ƙudiri na makarantu. Minti biyu ko uku aka ba ta, fitila ta nuna lokaci ya cika, aka yi mata godiya. Ko sun ji ko ba su ji ba, oho, amma ta faɗa, kuma an rubuta.

Af, albashinsu dala 7,200 ne a shekara, ban da alawus na kwanakin zama. Ka tanadi ruwa kusa kafin ka gaya wa Baba.

Alhaji Mai Taya:
Ni abin da ya ɗaure mini kai a bakin ƙofa ne. Muna layi ana binciken jakunkuna, sai na ga wani ya bi ta gefe ya nuna kati ya shige. Na ɗauka babba ne. Ashe layin masu lasisin riƙe bindiga ne, tunda an riga an tantance su. Wato mai bindiga ya riga mai lema shiga. Ku shirya wa Baba wannan tun a mota.

Maman Sadiq:
Alhaji, Texas ke nan. Wani abin kuma, duk lokacin zama akwai ranar da Musulmin jihar ke haɗuwa a can su gana da wakilansu. A 2015 wasu sun zo sun yi musu ihu, a 2017 kuwa mutanen gari, yawancinsu ba Musulmi ba, suka zo suka yi musu shinge da jikinsu. Ni da hijabina na shiga a ranar da ba taro, ba wanda ya kalle ni sau biyu.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zuwan nasa bai dace da lokacin zama ba, amma za mu je. Salla fa? Azahar za ta same mu a can.

Ɗan Damagaram:
Ku tafi da darduma. Mu a kan ciyawa muka yi, ƙarƙashin bishiya ta gefen gabas, ba wanda ya tanka. Ku yi alwala a ciki kafin ku fito. In da rani ne ku baro Houston da asuba, tafiyar ta kusa awa uku, ku gama da waje kafin sha ɗaya, don zafin Austin ba ya raga wa ɗan Katsina ma.