Ƙullutun ruwa a hanta da huhu: abin da kowannenmu ya gani

Ma'aikacin duba nama, Katsina:
Assalamu alaikum. Ina roƙon kowa ya kawo abin da ya gani game da ƙullutun ruwan da muke tararwa a hanta da huhun dabbobi a kwata. Ni na fi ganinsa a huhun tsofaffin raƙuma. Idan na tsaga shi sai ruwa garau ya tsiyayo, a ƙasansa kuma akwai wani abu fari kamar yashi, wanda a haƙiƙa ƙananan kawunan tsila ne, irin wadda masana ke kira Echinococcus granulosus.

Mahauci, Daura:
Wa'alaikumus salam, Malam. Tun ina bin mahaifina kwata, abin da muka saba shi ne mu yanke wurin mu jefa wa karnuka. Sai daga baya wani likitan dabbobi ya fahimtar da ni cewa da hannunmu muke raya cutar, domin tsilar a hanjin kare take girma, ƙwayayenta su fita cikin kashinsa, dabba ta haɗiye su wurin kiwo. Yanzu binnewa nake sa a yi, ko da yake yarana suna ganin ƙarin wahala ce.

Ɗalibar ilmin ƙwayoyin cuta, Katsina:
Baba, Allah ya saka da alheri. Wannan farin yashin shi muke zuba wa ɓeraye da allura a cikin ciki, bayan wasu watanni kuma idan an buɗe su sai a ga ƙananan ƙulluta sun jeru kamar ƙwan kifi. Abin da ya fi damuna shi ne yadda garkuwar jiki take barin su. Jiki yana da sinadarin enzayim, wato mai sarrafa wasu sinadarai, da ke sarrafa wani sinadarin gina jiki mai suna arjinin ya samar da naitirik oksaid, sinadari mai illa ga tsutsar, amma akwai wani enzayim, arjines, da ke cinye arjinin ɗin, ita kuwa tsutsar tana karkata garkuwar zuwa ɓangaren da ke ƙara arjines ɗin. Shi ya sa ake gwada hanyoyin juya wannan ma'auni a jikin ɓera. Sai dai kada kowa ya ɗauka magani ne da ya iso hannun mutane.

Wata uwa, Daura:
'Yata, na yarda da ke. Yayata ta daɗe tana kukan nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ana ta ba ta maganin gyambon ciki, sai hoton sikanin ne ya nuna ƙullutu a hantarta. Ta sha maganin tsutsa na albendazol kafin tiyata da bayanta. Mun yi ta zargin naman da take ci, likita ya ce ba daga nan ba ne, ya tambaye mu ko akwai kare a gidan. Akwai kuwa, kusa da randar ruwa yake kwana.

Ma'aikacin duba nama, Katsina:
Allah ya ƙara mata lafiya, Hajiya. Idan karen yana nan, a kai shi a ba shi maganin tsila na farazikwantel, a kuma ɗauke randar daga wurin.