Maigidana ya ce ciwo ne, har ƙwaya zai sa a kawo

Assalamu alaikum Anti, don Allah a saka min, a ɓoye sunana. Shekarata shida da aure, yarana uku, ƙaramin watansa bakwai yana shan nono. Tun da na yi arba'in ban ƙara jin sha'awar maigidana ba. Ba faɗa muke ba, amma da na ji ya turo ƙofa da daddare sai gabana ya faɗi, in yi lamo kamar mai barci. Ga bushewa, ga zafi. Na sha tsumi jarka biyu, na ci gumba, yayarsa ta aiko min kaza daga Sakkwato, kuɗi ne kawai suka tafi. Jiya ya nuna min a wayarsa wai Turawa sun ce cuta ce mai suna, zai sa a kawo ƙwayarta daga waje. Ni kuwa gajiya kawai nake ji. Da gaske ciwo ne?

Maman 'Yan Biyu: Sanyi ne 'yar uwa, ki nemi maganin sanyi ku sha tare da shi.

Ungozoma: Haba Maman 'Yan Biyu, komai sanyi? Ƙanwata, mai shayarwa sinadarin da ke kawo nono yana hawa, sinadarin mata na estrojin kuma yana sauka, shi ke kawo bushewar. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku ma tana yi wa wasu haka. Ki sayi K-Y Jelly, man da ke kawo santsi wajen saduwa, a kemis, kuma don Allah ki daina cusa komai a gabanki.

Likitar Gidanmu: Sunan da ya gani akwai shi, a kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, na 2013. Sai dai da sharuɗɗa: abin ya kai wata shida, alamomi uku cikin shida su bayyana, ya zama ita matar ce abin ke damu ƙwarai, kuma ba wani magani, wata cuta ko rikicin aure ne ya jawo ba. Damuwar miji ita kaɗai ba ta isa ba. Ke ko wata shidan ba ki cika ba. Su kansu masanan ba su daidaita ba, wasu na cewa kamfanonin magani ne ke son mayar da gajiyar mata cuta. Ƙwayar Addyi, ta ƙara wa mata sha'awa, sau biyu hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta ƙi ta kafin ta amince a 2015, kuma a gwaji amfaninta bai wuce ƙarin saduwa ɗaya mai gamsarwa a wata ba. Tana iya sa awon jini (BP) ya faɗi har mace ta suma. Mai shayarwa kada ta kusance ta.

Ummu Yara: Likita, amma kada a ce babu ciwon. Ni ba goyo, ba gajiya, mijina ba ya rage ni da komai, na yi shekara biyu jikina kamar icce, ina kuka a banɗaki. Ranar da likita ta ce min abin sananne ne na fara samun barci, don a da har cewa aka yi asiri aka yi min.

Likitar Gidanmu: Gaskiyarki, irinku aka yi sunan domin su.

Hajiya Babba: 'Yata, ƙarfe nawa kike kwanciya? Wa ke tashi in yaron ya yi kuka? Mace da yawa ba ta fara jin komai sai an yi hira, an yi wasa, jiki ya sake. Kafin ya kashe kuɗin jirgi a ƙwaya, ya ɗauko miki 'yar aiki, ya kuma rage gaggawa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya bar zumunci. Allurar wata ukun nake yi kuwa, ranar Talata zan koma asibiti in faɗa musu. Hajiya, sha biyu nake kwanciya, huɗu da rabi na tashi. Amma maganar gaggawar nan, ta yaya zan faɗa masa bai ce na raina shi ba?