Na ci kuɗin maigidana, ya rasu ban faɗa masa ba

Bawan Allah: Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekara 6 na yi ina tsaron shagon wani Alhaji a kasuwar Dole ta Damagaram. Daga Birni nake takowa a ƙafa, ni ke buɗewa, ni ke auna shinkafa da sukari, makullin aljihun tebur ma yana hannuna. Shi ya biya mini sadaki. In ya tafi la'asar sai in zari dala ɗari ko ɗari biyu. Da na lissafa, ya kai jaka 300. Bara ya rasu, har da ni aka ɗauki makararsa, tun ranar barci ya ƙaurace mini. Ina istigfari, ina sadaka duk Juma'a. Tubata ta karɓu?

Malam na Garin Malam: Wa alaikumus salam. Sharuɗɗan tuba uku ne: ka daina, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba. In haƙƙin mutum ne akwai na huɗu, mayar da shi. Kuɗin nan yanzu na magada ne. Ba a sadaka da dukiyar marayu.

Maman Biyu: Kai har barci ya gagare ka. Ƙanen mijina ya sayar da gonarmu ta hanyar Mirya muna cikin takaba, ga shi kullum a sahun gaba. Allah ya isa.

Ɗan Zango: Malam, a sassauta. Zumar aya ta 53 ta hana ɗebe tsammani daga rahamar Allah. Wanda ya kashe mutum 100 ma an gafarta masa. Ɗan uwa, ci gaba da sadakar da sunan mamacin.

Malam: Ba a hana shi rahama ba. Amma je ka duba hadisin muflisi a Muslim: mutum ya zo da sallah da azumi, a kwashe ladan a biya masu haƙƙi. Sai an rasa mai kuɗi da magadansa ake sadaka da su. Nan kuwa ya san ƙofar gidan.

Bawan Allah: Malam, shekara 6 ba albashi, sai kuɗin abinci. Ba ni da haƙƙi a ciki? Kuma babban ɗansa zuciya gare shi, ofishin ƴan sanda zai kai ni.

Malam: Kun yi yarjejeniyar albashi? Ba dole ka tona kanka ba. Ba wa limamin unguwa ya kai, ko jaka biyar-biyar.

Bawan Allah: Limamin surukina ne.

Maman Biyu: Marayun su nawa ne?