Rediyo a kan tarakta: abin da manoma suka ce

Ga abin da na tsinta daga wata hira da manoma suka yi kan sauraron rediyo yayin aiki da tarakta:

1. Kusan kowa ya ce rediyo ce abokiyar hirarsa in ana huɗa tun safe har magariba, musamman don hasashen yanayi.

2. Masu tsofaffin taraktoci marasa rumfa sun tuna yadda suke ɗaure ta da waya kusa da kujera, ƙura ta lulluɓe ta, ba a jin komai sai an ƙure murya. Yau kunnuwan da yawansu sun yi nauyi, abin ya taɓa ni ƙwarai. Shawararsu: a riƙa toshe kunne.

3. Tashar rediyo ta AM ta fi ta FM cin nisa, balle da dare.

4. Nan aka rabu: wasu sun ce a kashe rediyo, don kukan inji ke fara nuna matsala. Wasu kuwa ita ke hana su gyangyaɗi.