Jiri da kasala na damuna a wajen aiki, dan Allah ku ba ni shawara

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum ƴan uwa. Akwai abin da ke damuna na rasa gane kansa shi yasa na ce bari in kawo nan ko Allah zai sa wani ya taɓa gani. Ni aikin lodi nake yi a nan Kumasi, muna sauke siminti da rodi a wani shago wajen Suame, ranar da babu mota kuma sai in leƙa Asawase in sauke buhun masara. Shekarata 31 kuma tun ina saurayi wannan aikin nake ci da shi, da can buhun siminti biyu ake ɗora min a ka in bi katako in sauko daga tirela ko a jikina, amma yanzu wallahi buhu ɗaya mai kilo 50 in na yi sawu kaɗan sai zuciya ta riƙa bugawa fat fat, gwiwa ta yi sanyi, in na sunkuya na ɗago sai ido ya yi duhu kunne yana min wiii. Satin da ya wuce ina tsakiyar katako sai da na yar da buhun na tsuguna, masta har yana tambayata ko na fara shan wani abu ne. Ba zazzaɓi, ba amai, abinci ina ci. Na sha maganin maleriya a shagon magani ban ga canji ba, na sayi tonik na ƙarin jini kwalba ɗaya shi ma shiru. Matata ta ce aiki ne ya yi min yawa, Mma mahaifiyata kuma ta ce hannun mutane ne tunda ba a ga ciwo a fili ba. Asibiti kuma kun san yadda yake, yini guda a layi kuɗin cefanen ranar ya tafi, ga katin inshorar lafiya na NHIS ɗina ya daɗe da mutuwa. Me kuke gani?

Direban Tamale:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ruwa nawa kake sha a yini? Wannan zafin na watan Maris ba wasa ba ne, mu da muke zaune a mota ma muna jin jiki balle kai da kake ƙarƙashin siminti. Duba fitsarinka, in ya yi ja ja kuma ɗan kaɗan to ruwan jikinka ne ya ƙone. Kar ka jira ƙishi, duk bayan ɗan lokaci ka sha piya wata, kuma ka sayi ORS, garin gishiri da sukarin nan na mayar da ruwan jiki, ka haɗa yadda aka rubuta a jikin ledarsa. In babu ORS sukari ƙaramin cokali shida gishiri rabin cokali a ruwa lita ɗaya, wato piya wata leda biyu. Ni mate ɗina, wato yaron motata, haka ya riƙa yi a Kintampo, ruwa ne kawai.

Maman Hamdiya:
Ayya sannu ɗana. Wannan jini ne ya yi ƙasa, ni da cikin autana haka na riƙa ji, in tashi daga tabarma sai na dafa bango. Ka sa matarka ta ja fatar idonka ta ƙasa ta duba, da tafin hannu, in sun yi fari fat to shi ne. Ta riƙa yi maka miyan kontomire, wato ganyen gwaza, da abeduru, ƙananan gautan nan, da hanta in da hali, da wake. Ka haɗa malt da madarar gwangwani safe da yamma.

Yaron Magazine:
Chale gajiya ce kawai, yaran da ke ɗaga injin a wajenmu enaji dirink ɗaya da ƙwayar tramol ɗaya su yini ba su san sun yi aiki ba 😂

Direban Tamale:
Kai yaro ka kiyaye bakinka, mutum na cewa yana neman faɗuwa daga kan tirela kana kira masa tramol. Nawa muka gani a Zango suna farfaɗiya a bakin kwata saboda shi? Ɗan Aboabo ko da wasa kar ka taɓa.

Yaron Magazine:
Wasa nake Baba, a yi haƙuri

Anti Nas:
Salam ɗan uwa, sannu da jiki. Kafin kowa ya ba ka magani ina da tambayoyi, ka amsa min tsakani da Allah ba kunya. Me kake ci kafin ka fara aiki? Akwai maganin da kake sha kullum, ko na ciwon jiki ko na gargajiya ko na ƙarfi? Ƙirjinka na ciwo ko numfashi na yankewa ko ka taɓa suma gaba ɗaya? Kana jin zafi a saman ciki wajen ƙahon zuciya? Bayan gidanka wane launi ne, kuma kana ganin jini irin na basir? Kana yawan fitsari da dare da ƙishirwa? Ka san ko kana da sikila?

Ɗan Aboabo:
Anti na gode. Da asuba ba na iya cin abu mai nauyi, koko ne kawai wani lokaci da ƙosai, sai wajen sha ɗaya in ci waakye. Magani kam akwai na ciwon jiki da duk ƴan lodi muke sha, diclofenac, wani lokaci mai shagon ya haɗa min da ibuprofen, ina sha da safe kafin in fita da kuma dare in zan kwanta saboda baya, ya fi shekara ina haka. Da dare muna zaman shan shayin ataya a majalisarmu. Ban taɓa suma ba, ƙirji ba ya ciwo sai dai haki da bugun zuciya in na ɗauki kaya. Zafin saman ciki akwai, musamman tsakar dare, in na sha ruwa ya lafa. Sikila an gwada mu kafin aure AA ne ni. Bayan gida kuma gaskiya yana yin baƙi wani lokaci amma mai shagon ya ce tonik ne ke sa haka. Matata ta duba idon yanzu ta ce fari ne.

Anti Nas:
Gaskiya ne maganin da ke da sinadarin ayon, wanda jiki ke gina jini da shi, yana sa bayan gida ya yi duhu. Amma ka tuna da kyau, baƙin ya fara kafin ka fara tonik ɗin ko bayan ka fara? Kuma yana da danƙo da wari mai ƙarfi wanda ba ka saba ji ba?

Ɗan Aboabo:
Kafin ne Anti. Tun wajen sallar da ta wuce nake ganinsa jefi jefi, baƙi wuluk mai danƙo, tonik kuwa kwanan nan na saya.

Anti Nas:
To ɗan uwa ka saurare ni da kyau. Ba zan ce ga ciwonka daga waya ba, amma abin da ka lissafa ɗin nan, diclofenac da ibuprofen kullum a cikin da babu komai sai koko, zafin ƙahon zuciya da dare, baƙin bayan gida mai danƙo, farin ido, haki da jiri in ka yi aikin ƙarfi, duk suna nuna wuri ɗaya. Waɗannan magungunan suna cin bangon ciki har su yi gyambo, olsa kenan, kuma gyambon yana iya tsiyayar da jini kaɗan kaɗan wata da watanni mutum bai sani ba, domin jinin da ya fito daga tumbi kafin ya bi hanji ya fita ya riga ya koma baƙi, ba za ka ga ja ba. Jinin na raguwa a hankali jiki na sabawa, shi yasa in kana zaune lafiya lau kake, sai ka ɗora buhu tsoka ta nemi iska jinin da zai kai mata bai isa ba, zuciya ta kama gudu don ta cike giɓin, kai kuma ya yi duhu.

Maman Hamdiya ta yi gaskiya a kan jini, kontomire da wake da hanta abinci ne masu kyau, amma shan tonik a wannan halin zuba ruwa ne a bokiti mai huda. Malt da madara kuwa Mama ki yi haƙuri, sukari ne da daɗin baki, ayon ɗin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, haka ma Coke da tumatirin gwangwani da mutane ke haɗawa.

Daga yau ka ajiye diclofenac da ibuprofen da aspirin da duk wani haɗi da ake ƙulla maka a leda ba suna. In bayan ya matsa ka sha paracetamol, guda biyu, kar ya wuce sau huɗu a yini. Gobe da sassafe ka je asibiti, asibitin Manhyia na kusa da kai, kuma kar ka tsaya a “ina jin jiri” kawai, ka faɗa wa dokta maganar baƙin bayan gida da sunan magungunan, ka ma tafi da kwalinsu. Za su auna jininka, namiji babba Hb ɗinsa, wato awon ƙarfin jini, bai kamata ya gaza 13 ba, su duba maleriya da gwaji ba da ka ba, su duba suga, su auna BP, wato awon hawan jini, kana kwance da kuma bayan ka miƙe tsaye, su duba bayan gida saboda jini da tsutsar ciki da wata ƙwayar cuta da ake kira H. pylori mai kawo olsa. Kuma kar ka hau katakon nan gobe.

In kuwa cikin daren nan ka yi aman jini ko amai mai baƙi baƙi, ko ka suma, ko zufa mai sanyi ta karyo maka zuciya na gudu kana zaune, ba jiran safiya, a sa ka a mota zuwa emajensi ko a kira 112.

Abu Ramla:
Ina goyon bayan Anti, sai dai in ƙara abu ɗaya. Ka roƙi su yi maka ECG, gwajin bugun zuciya, ko da sun ga jinin ya yi ƙasa. Wani ɗan ƙanwar babana haka ya riƙa cewa jiri jiri in yana ƙwallo, kowa na cewa yunwa ce, ashe zuciya ce, a fili ya faɗi, Allah ya sa an kai shi da wuri. Jirin da ke zuwa lokacin da mutum ke tsakiyar aikin ƙarfi ba irin na wanda ya tashi tsaye da sauri ba ne. Ka tambayi Mma ko a danginku akwai wanda ya rasu farat ɗaya yana matashi, in akwai ka faɗa wa likita.

Malam na Sabon Zango:
Allah ya ba ka lafiya ɗana. Maganar Mma kar ka yi mata gardama, uwa ce, tsoro ne ya sa ta faɗa. Ka riƙe azkar ɗinka na safe da yamma, ta yi maka addu'a, ka kuma tafi asibitin, Manzon Allah SAW ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani. Abin da zan hana ka shi ne jiƙe jiƙen da za a fara kawo maka a galan yanzu, cikin da ake zargin yana da gyambo ba a zuba masa abin da ba a san me ke ciki ba.

Maman Hamdiya:
To Anti mun ƙaru, ni dai tun tasowarmu malt da madara muka sani 😅 Ɗana maganar kati, danna *929# a wayarka ka sabunta da kuɗin waya na MoMo, ba sai ka je ofis ba. Amma tunda ya daɗe da mutuwa wani lokaci sai an jira kafin ya fara aiki, don haka ka riƙe ƴan sidi a aljihu na gwajin, kar ka ce sai kati ya tashi.

Ɗan Aboabo:
Salam ƴan uwa, na dawo. Na je kamar yadda Anti ta ce, matata ta raka ni. Maleriya babu, suga lafiya, ECG sun ce bugun ya ɗan yi sauri amma ba su ga wani abu ba. Jinin ne, Hb 8 da ɗigo, dokta sai da ya sake kallona ya ce da wannan kake ɗaukar siminti? Gwajin bayan gida ya nuna akwai jini, na ƙwayar cutar kuma sai an jima zai fito. Sun ba ni maganin olsa omeprazole da ƙwayar ayon, sun rubuta min takarda zuwa Gee, babban asibitin Komfo Anokye, a zura kyamara a duba cikin. Ya ce ba ɗaukar kaya mai nauyi sai jinin ya hau. Nan ne fa matsalar, masta mutum ne mai cewa in ba ka zo ba wani ya zo, ga haya ga makarantar yara.

Anti Nas:
Alhamdulillah da ka je. Kyamarar nan kar ka ɗaga ta don ka ji sauƙi, omeprazole zai kwantar da zafin cikin kwana kaɗan sai ka ga kamar ka warke, alhali ba a ga girman gyambon ba. Ƙwayar ayon kuma ba ta sati ɗaya ba ce, jini makonni yake ɗauka yana hawa kuma ko ya dawo daidai akan ci gaba da sha kamar wata uku don jiki ya tara. Ka sha ta da ruwa ko lemu, ba da ataya ko madara ba, shayi yana hana jiki tsotse ayon, ka bar awa biyu tsakaninsu. Za ta sa bayan gida duhu, wannan ba komai, amma in ya dawo mai danƙo da warin nan ko jirin ya ƙaru ka koma a ranar. Kuma abokan lodinka da kuke shan haɗin nan tare ka nuna musu takardar gwajinka.

Abu Ramla:
Ka kai wa masta takardar dokta da hannunka, ka ce ya ba ka ƙirgan kaya a bakin mota ko tsaron sito na ɗan lokaci ko da kuɗin bai kai ba. Mutumin da ya ga ka yar da buhu a kan katako ya san ba ƙarya kake ba.

Direban Tamale:
In ya ƙi ka yi min magana ta inbox. Mate ɗina zai tafi gida Yendi aikin gona da farkon damina, ina neman mai karɓar kuɗi da rubuta kaya a tasha, lodin akwai yara masu yi, kai dai ka zauna da biro.