An ce kyautar mota ce, ashe bashi aka ɗaura masa

Baban Sadik: Salamu alaikum jama'a. Wallahi kwana uku ban yi barcin kirki ba, gara na faɗa ko na ji sanyi a raina. Ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya ya shiga kamfanonin netwok ɗin nan masu sayar da shayin rage ƙiba da man goge baki, inda kowa ke jawo wasu su shiga ƙarƙashinsa, ba zan kama suna ba. Shekara biyu yana ciki, ya sa matarsa, ya sa ƙannenmu mata biyu, ya sa rabin 'yan majalisarsu. Bara aka ce ya kai matakin mota. Aka yi taro a otal, kiɗa da tafi, aka ɗaura wa Corolla jan ƙyalle aka miƙa masa makulli, Hajiyarmu har da kukan murna. Ashe ba kamfanin ne ya sayi motar ba, haɗa shi suka yi da masu ba da bashin mota, da sunansa aka ci bashin. Ya sayar da Adaidaitarsa ya cika miliyan 2 ya ba da kafin alƙalami, sauran miliyan 7 da rabi aka ce ya riƙa zuba dubu 420 duk wata har wata 24. Kamfani ya ce zai riƙa ba shi bonas ɗin mota dubu 400 a wata, amma fa sai in cinikin mutanen da ke ƙarƙashinsa bai sauka daga adadin da suka yanka ba. Wata huɗu kuɗin ya shigo. A na biyar mutum biyu da suka fi kawo masa ciniki suka bar harkar, bonas ya tsaya cak, shi kuma don kar rankinsa ya faɗi ya dinga sayen kayan da kuɗinsa, yanzu kwalayen shayi har saman sif a ɗakin matarsa wasu sun kusa lalacewa. Wata uku ba a biya bashin ba, sun ce za su ɗauke motar, akwai tiraka a jikinta. Ni kuma ni na sa hannu a matsayin garanto. Don Allah wanda ya sani ya faɗa min, in sun sayar da ita kuɗin bai kai ba, ni za su bi? Wannan damfara har ina?

Maman Ilham: Wa'alaikumus salam. Allah ya kawo mafita Baban Sadik, amma don girman Allah ka cire kalmar damfara. Shekarata huɗu a netwok, da shi nake biya wa yarana kuɗin makaranta. Ɗan damfara shi ne wanda ya karɓi kuɗinka ya gudu. Su sun gudu ne? Ofishinsu na nan, kayansu na nan.

Ɗan Gwammaja: Hajiya wanda ya zauna ya cuce ka ai ya fi wanda ya gudu iya sana'ar. Damfara ce, damfara ce, damfara ce.

Maman Ilham: Kai kuma wa ya sa da kai? Ka taɓa halartar semina ko sau ɗaya?

Ɗan Gwammaja: Na je. An ce min taron neman aiki ne, na goge kayana na tafi da takarduna, na tarar ana ta ihu ana nuna hoton mota a bango.

Usmanu Akawu: A yi haƙuri a bar ni na yi lissafi kawai. In aka ce kowa ya kawo mutum 6, hawa na farko 6 ne, na biyu 36, na uku 216, na huɗu 1,296. Kafin ka kai hawa na 11 ana neman mutum sama da miliyan 360, sun fi duk mutanen Najeriya har da jarirai. Hawa na 13 ya wuce biliyan 13, duniyar ma gaba ɗaya ba ta kai haka ba. To dole jama'a su ƙare, kuma ranar da suka ƙare waɗanda ke ƙasa su ne mafi yawa, kuma su ne ba su da wanda za su ci a kansa. Motar da na sama ke hawa, kuɗin rajista da sayayyar dole ta na ƙasa ce ke biyanta.

Koci Nura: Wannan tsohon lissafi ne mun saba jin sa. Ku kuna haɗa netwok da Fonzi, wato tsarin biyan tsofaffin shiga da kuɗin sababbin shiga. Fonzi ba kaya, kuɗi ne kawai ke zagayawa, mu muna da kaya, muna da rajistar hukumar rajistar kamfanoni CAC, kayanmu da lambar NAFDAC. Ɗan damfara zai je ya yi rajista da gwamnati? Matsalar ɗan Arewa ke nan, ba ya son karatu ba ya son juriya, yana ganin wani ya ci gaba sai ya ce damfara.

Usmanu Akawu: Malam Nura, CAC suna kawai take yi wa rajista, ni ma shagon ɗinkin matata yana da ita. NAFDAC kuma shayin ta duba ko zai cutar da ciki, ba ta duba yadda kuke raba kuɗi ba. Tambaya ɗaya zan yi maka, cikin kayan da tawagarka ta saya watan jiya, nawa ne wanda ba ɗan netwok ba ya saya ya sha?

Koci Nura: Sirrin kasuwanci ne, ba a guruf ake faɗa ba. Ka zo ofis.

Ɗan Gwammaja: Kun ji ko. Haka 'yan MMM suka dinga cewa a 2016, riba kashi 30 cikin 100 a wata, ana shiga Disamba suka rufe asusun mutane. Hukumar inshorar ajiyar banki NDIC da kanta ta ce kusan mutum miliyan 3 suka yi asarar wajen naira biliyan 18. Ba mu dandara ba, a Afrilun 2025 wata manhajar zuba kuɗi mai suna CBEX ta sake kwashe mutane har aka fasa ofishinsu a Ibadan.

Maman Ilham: To me ya haɗa mu da MMM? Ni shayi nake sayarwa bawan Allah, shayi! Allah ya isa tsakanina da duk wanda ya haɗa sana'ata da ta ɓarayi.

Anti Bilki: Ni dai ban ce damfara ba ban ce ba damfara ba, amma Maman Ilham ki ji tsoron Allah, ku ne kuka hana mu sakat a gidajen biki. Mace ta zo suna ba ta gama cin shinkafa ba kun zaro fom. Ƙawata ta sayar da sarƙarta ta zinare ta shiga, har yau ba ta ga komai ba sai kwalaye.

Maman Ilham: Ƙawarki ba ta yi aiki ba ne. Kuma ke da kike ta adashi a unguwa, ba a taɓa gudu da kuɗin adashi ba? Mun ce uwar adashi 'yar damfara ce?

Anti Bilki: Kar ki kuskura ki taɓa adashi. A adashi abin da na zuba shi nake kwasa, ba sai na jawo ƙanwata ta zuba kafin na ci ba.

Alhaji Mai Motoci: Ni abin da ya tsaya min, wace Corolla ce miliyan 9 da rabi? Wace shekara? Beljiyom ce ko an hau ta a nan gida? Don in an hau ta a nan, tun a farashin aka fara yankar yaron.

Baban Sadik: Alhaji 2010 ce, sun ce Beljiyom.

Alhaji Mai Motoci: Sun ce. Ka ga takardar kwastan? Da wajena ya zo da miliyan biyunsa da na ba shi shawara ya riƙe Adaidaitarsa, ita ke kawo kuɗi kullum, Corolla kuwa tunda aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ci kawai take yi.

Sani Bakanike: Alhaji kar ka zagi Corolla, ba motar da ta kai ta sauƙin mai da kayan gyara. Da Honda aka ba shi da tuni ƙafa ta cire a titi.

Abba Honda: Sharri ne wannan Oga Sani, ku bakanikai ne kuke sa wa mutane bolojoyin na jabu sannan ku ce laifin mota ne.

Sani Bakanike: Ka kawo taka gareji ka gani.

Barista Hauwa: Baban Sadik, amsar tambayarka a taƙaice, e, yawanci garanto yana ɗaukar abin da ya rage in mai bashi ya gaza, amma iyakar abin da ke kanka yana cikin takardar da ka sa wa hannu, ka nemo kwafinta yau ka kai wa lauya ya karanta. Kar ku ɓoye motar, kar ku cire tiraka. Ku je wajensu da ƙafarku ku nemi a rubuce nawa ne ya rage, ku roƙi a tsawaita lokacin biya, ko su yarda ku nemo mai saye da kanku, don in su suka yi gwanjonta ba za ta yi daraja ba, ga tarar jinkiri tana hawa. Kuma ya daina sayen kaya don riƙe ranki daga yau. In akwai takarda ko bidiyon da aka kira motar kyauta ku adana, ana kai irin wannan ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC.

Koci Nura: Kun ji ko lauya ma ba ta ce damfara ba.

Barista Hauwa: Ban ce ba, ban kuma wanke ku ba, ban ga takardun ba ne.

Koci Nura: Ai tsarin mota ba mu muka ƙirƙiro shi ba. A Amurka kamfanin Mary Kay ya fi shekara hamsin yana ba mata Cadillac ruwan hoda, ko su ma 'yan damfara ne?

Usmanu Akawu: Ita ma waccan hayarta kamfanin ke ɗauka, ba mallaka mata ake yi ba, in cinikinta ya sauka sai ta cika kuɗin wata daga aljihunta ko ta mayar. Ita aƙalla tana iya mayarwa. Shi wannan yaron bashin sunansa ne a kai, dubu 420 sau 24 ya haura miliyan 10 a kan miliyan 7 da rabi, kamfani ko sisi bai ɗauki haɗari ba, amma hoton motar yana shafinsu ana jawo wasu da shi.

Malam Ɗanladi: Jama'a duk kun bar babban abu. Wannan ƙarin da ke kan bashin sunansa riba, wato kuɗin ruwa, kuma ita ce ta cinye albarkar abin tun daga farko. Ga bankunan da ba ruwa, Jaiz tun 2012 take aiki, ga TAJ, su sayi mota su sayar maka da ribar ciniki da aka sani a tsarin murabaha. Shi kansa netwok ɗin kwamitin fatawa na Saudiyya ya daɗe da haramta irinsa saboda garari, wato rashin tabbas a ciniki, da cin dukiyar mutane da ɓarna.

Maman Ilham: Malam namu malamin ya ce dillanci ne, kuma dillanci halal ne.

Malam Ɗanladi: Dillali ba ya biyan kuɗi kafin a bar shi ya yi dillanci Hajiya, ba a kuma tilasta masa sayen kaya duk wata. Wane malamin ne?

Maman Ilham: Ba zan faɗa ba ku fara zaginsa, na san halinku.

Ɗan Gwammaja: Ƙila shi ma yana ƙarƙashinki.

Maman Ilham: Admin ka ga irin rashin kunyar da yaron nan yake min ko? Na haifi kamarsa.

Abba Honda: Ni fa gaskiya laifin ƙanin ne, kwaɗayi mabuɗin wahala. Mutum ya sa hannu bai karanta ba sannan a ce an damfare shi. Wannan ganganci ne.

Anti Bilki: A gaban mahaifiyarsa da kyamara aka miƙa masa makulli ana kiranta kyauta, a nan ne zai zauna karatun takarda? Ai da gangan suke yin taron haka.

Baban Sadik: Takardar ma bayan taron da kwana biyu aka kawo, mun riga mun yi walima, kunya ba za ta bar shi ya ce ya fasa ba. Ni ma kunyar Hajiya ce ta sa na sa hannu.

Koci Nura: Ya zo na ba shi horo, wata uku zai dawo da rankinsa in yana da zuciya. Akwai sabon tsarin da ake shiga da dubu 85 kacal.

Ɗan Gwammaja: Innalillahi. Gida na cin wuta kai kana tallan fetur. A sani dai sabuwar dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza miliyan 20 ba ko ɗaurin shekara 10 ga masu Fonzi.

Koci Nura: Masu Fonzi ka ce. Ka sake kirana ɗan damfara mu haɗu a kotu, na ɗauki hoton maganarka.

Admin: To ya isa haka, zan rufe sharhi. Na karanta komai, ga abin da na fahimta. Mafi yawan waɗanda suka san harkar a aikace sun nuna ba damfara ba ce, tunda kamfani na da rajista, yana da kaya, kuma ya biya bonas wata huɗu kamar yadda ya yi alkawari, lauyarmu ma ba ta kira shi damfara ba. Kuskuren daga yaron ne da bai karanta sharaɗi ba kuma bai riƙe tawagarsa ba. Ni uwargidana tana wannan sana'a shekara uku ban ga wanda ta cuta ba, don haka ba zan bari a riƙa ɓata wa matan aure masu neman na kansu suna a guruf ɗin nan ba. Lissafin Usmanu na takarda ne, kasuwa daban take. Maganar riba a bar wa malamai. Ɗan Gwammaja ka ba Hajiya haƙuri kafin Isha ko na cire ka. Baban Sadik Allah ya rufa asiri, ka gyara kalmar nan a rubutunka.

Baban Sadik: Admin kafin ka rufe, Barista don Allah ki duba saƙonki, na turo hoton takardar shafi uku, akwai wajen da aka rubuta albashina ban gane ba. Jibi Alhamis suka ce za su zo.